Jatau Ba Zai Bi Ku Koira Kano Ba

Bukoki, Yamai
Alhamis da hantsi

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Ramatu, ina gaida ƴar jikata Fa'iza. Allah ya sa kun tashi lafiya a sabon gidanku na Koira Kano, ya sa kun shige shi da ƙafar alheri, ya tsare ku daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Mu nan lafiya lau. Innarka tana ta shiga ɗakunan da kuka bari tana fitowa, wai shara take yi.

Ka san ban iya zama da kai mu yi doguwar magana ba. Kai ne na fari, kuma sunan mahaifina ke gare ka, ko sunan nan ban taɓa faɗa a gabanka ba. Haka aka rene mu, haka muka saba. Amma na yi shekaru ina gyara rubutun wasu a gidan jarida da jan bik a hannu, saboda haka abin da bakina ya kasa faɗa, hannuna zai rubuta.

Ranar da kamiyo ya kwashe kayanku, ka tsaya a bakin zaure ka ce mini, "Baba, ran Asabar zan dawo in ɗauki Jatau da kaji biyu." Na ce to. Kunyar masu lodi ce ta sa na ce haka. Ba zan ba ka jan zakaran nan ba. Na san kai ka rene shi tun yana ɗan tsako, na san babu zakara mai kyansa a layinmu. Amma Fa'iza shekararta biyu, kuma idonta daidai yake da inda ƙaimin zakara ke kaiwa idan ya yi tsalle.

Ka tuna la'asar ɗin nan, kwana biyu kafin ku tashi? Fa'iza tana tsaye a tsakar gida da gutsuren biredi a hannu. Jatau ya taho mata a karkace, ya sauke fiffike ɗaya yana jan shi a ƙasa, ya kewaye ta, gashin wuyansa a tashe. Ka ɗaga salula kana dariya, kana cewa, "Baba, duba, rawa yake mata!" Ni dai na je na ɗauke ta. Na taɓa ganin irin wannan rawa, kuma na san inda take ƙarewa. Ka yi haƙuri ka bi ni a hankali, don sai na faro daga nesa.

A gidanmu na Damagaram akwai wani farin zakara. Ban san shekarata nawa ba a lokacin. Abin da nake tunawa shi ne hasken safiya yana sauka a kan duwatsun bayan gida, kakarka tana zaune a kan kifaffen turmi tana bakace, tsaba tana zuba kamar yayyafi. Farin zakaran yakan zo ya ɗauki ƙwayar gero, ya ajiye, ya sake ɗauka, ya ajiye, yana wani ƙaramin kuka a maƙogwaro har sai kaji sun taru. Sai ya ja da baya ya tsaya yana kallon sama. Ban taɓa ganin ya haɗiye ƙwaya kafin su ba. Ban taɓa taɓa shi ba kuma, ko kakarka ba ta taɓa shi. Idan mutum ya nufo shi, sai ya kauce a natse, kamar dattijon da ya ba mai kaya hanya. Har yau idan na kishingiɗa bayan sallar asuba, tsakanin barci da farke, nakan ji ƙaramin kukan nan, in ji ƙamshin dusa, sai in ga kamar da na miƙa hannu zan taɓa zanen kakarka.

Da na zo Yamai, ɗakin haya na kama a nan Bukoki, ni da tabarma da littattafai. Gari ya yi mini girma. Da asuba zakaru sukan fara cara daga can wajen kogi, unguwa tana miƙa wa unguwa har ta iso bayan tagata, ni kuwa ba ni da ko ɗaya a ciki. Da na auri Innarka muka samu wannan gida, abu na farko da na yi shi ne zuwa neman farin zakara. Ina tsammanin idan na samu mai launinsa, safiyar nan ta Damagaram za ta dawo.

Na je kasuwa ta wajen Maurey, inda masu kaji ke jibge su a ƙasa ƙafafu a ɗaure. Na ga wani fari tas yana kwance, ido a lumshe. Mai kajin ya ce, "Alhaji, wannan ai malami ne. Dubi natsuwa! Ko kallon mutum ba ya yi." Na ɗauko shi a rataye a kan keke, kai a ƙasa. Da na kwance shi ya sha ruwa ya dawo hayyacinsa, sai na ga malamin nawa. Idan an watsa tsaba shi ke fara ci, kazar da ta matso ya sare ta a ka. Ranar da shirwa ta sauko, shi ya riga kowa shigewa ƙarƙashin gado, shirwar ta tafi da ƴan tsaki biyu. Innarka ta leƙa ta ce, "Malam, fito da malaminka, an idar da salla."

Kada ka zaɓi zakara a ɗaure, Babana. Wanda ya wuni a rana da igiya a ƙafa, kowane iri ne shi, shiru zai yi. Kada kuma launi ya ja ka. Ka je gidan da aka ƙyanƙyashe shi, da safe, lokacin ba da tsaba. Ka nemi wuri ka zauna nesa kaɗan, ka yi kamar ba don shi ka zo ba. Ka ga ko yana kiran kaji ga abinci. Ka ga ko yana ɗaga kai yana duba sama sa'ad da suke kiwo. Ka ga bayan kajin, ko akwai gashi ko ya tuje su. Sa'an nan ka tashi ka ratsa tsakar gidan kai tsaye. Na kirki zai ba ka hanya ba tare da firgita ba. Wanda ya tsaya yana kallon ƙafarka, ko ya biyo ka ta baya da ka wuce, ka bar wa masu shi. Ka tambayi matar gida da yara, don maigida yabo kawai zai yi. Ka tambayi halin ubansa ma, domin hali yana bin jini a kaji. Daga baya na karanta wannan a littattafan kiwo na Faransanci, da zane-zane da manyan kalmomi, na tarar duk abin da kakarka ke yi ne daga kan turminta.

Farin nan bai daɗe ba. Sai na ce tun da na kasuwa ya ba ni kunya, zan reni nawa da hannuna. Wata kazarmu ta ƙyanƙyashe, a cikin ƴaƴan akwai wani ɗan ja mai rauni, uwar ba ta kula shi. Na ɗauke shi. Lokacin kana ciki, ba a haife ka ba. Nakan zauna a ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida da takardun da na kawo daga buro, wurin aikina, ɗan tsakon yana cikin aljihun rigata, kansa kawai a waje. Ina jin bugun zuciyarsa a ƙirjina, ƙanƙane, da sauri. Ina gyara waƙafi, ina ba shi tsaki a tafin hannu. Da ya yi ƙwari sai ya koma kafaɗata. Iska tana kaɗa ganye, inuwa tana yawo a kan takarda, shi yana barci a jikin kunnena. Ba zan ɓoye maka ba, kwanakin nan suna cikin mafi daɗin da na yi a duniya.

Innarka takan wuce da ƙwarya ta ce, "Malam, in ya ƙara wayo sai a sa shi lakwal ya yi boko."

Maƙwabcinmu Hamani tela, Bazabarmen nan da ya ɗinka maka rigar sallarka ta farko, Allah ya jiƙansa, shi ya raɗa masa suna Kumandan, don yadda yake taku da ƙirji a gaba.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Zakaran da ya tashi a hannun mutum ba ya ganin mutum a matsayin mutum. Yana ɗan tsako kai ne uwarsa. Ranar da zankonsa ya yi ja, muryarsa ta fashe, sai ya dube ka ya ga ɗan'uwansa zakara, wanda ya kamata a san wane ne babba tsakaninku. Ɗan tsoron nan da ke sa shi ya kauce wa mutum, shi ne ladabinsa, ni kuwa na cire masa shi da tafin hannuna, ƙwaya bayan ƙwaya. Kaza kana iya sangarta ta, ba abin da zai faru. Amma da zarar ka gane ɗan tsako namiji ne, ka janye hannunka. Ka bar shi ya tashi a bayan uwarsa, cikin manyan kaji, su sare shi idan ya yi rashin kunya. In akwai tsohon zakara mai hankali a gidan, ya fi kowa iya koya masa. Ka watsa tsaba a ƙasa, kada ka ba shi a hannu. Kada ya hau cinyarka, kada ya hau kafaɗarka. Na ga kana yi wa Jatau duk waɗannan abubuwa shekara guda cur, ina zaune ina kallo. Sau da yawa na buɗe baki sai in rufe, don in na hana ka, za ka tambaye ni dalili.

Kaji biyu kacal gare mu a lokacin Kumandan, kamar yadda kai ma ka ce za ka ɗauki biyu. Bai bar su sun huta ba. Bayansu ya koma jan fata, ɗaya ta daina ƙwai, ta koma kwana a kan katanga. Shi kuma ƙarfin da ya rage masa bai san inda zai kai shi ba, sai ya fara neman abokin faɗa. Zakara mai jini a jika yana bukatar kaji kamar takwas ko goma. In filinka ba zai ɗauki haka ba, ka nemi wanda ya ɗan manyanta, ka ba shi biyar ko shida. Kuma zakara ɗaya ya ishi gida irin naku. Biyu a ƙaramin fili, ko sun yi shiru da rana, kowa a shirye yake.

Ni ya fara tara. Wata safiya na fito da buta, ya taho a karkace da fiffike a ƙasa, ya daki ƙwaurina. Na yi dariya na cire takalmi na jefe shi. Kashegari ya dawo, na shure shi. Abin ya zama mana wasa, kullum sai mun yi. Hamani yakan leƙo ta kan katanga da awo a wuya ya ce, "Fofo, mai jarida! Yau Kumandan ya ba ka izinin fita, ko in kai maka takardar rashin lafiya buro?"

Mu duka muna dariya, ban da Innarka. A lokacin an haife ka, har ka fara rarrafe. Ta ce, "Malam, yau ƙwaurinka ne. Yaron nan fa yana ƙasa."

Na ce, "Ai ya san shi. Tare suke tashi."

Ta ce, "Kai ma ya san ka."

Duk lokacin da na rama, ina ƙara tabbatar masa cewa ni zakara ne, kuma faɗan bai ƙare ba. Idan saurayin zakara ya fara gwada ka, kada ka doke shi, kada ka gudu, kada ka yi dariya. Ka ci gaba da tafiyarka a hankali ta inda yake, har ya matsa. Ka riƙe faifai ko murfin kwano tsakaninku in ya cancanta. Wani yakan gane cikin ƴan kwanaki ya daina. Amma wannan dabara ta manya ce. Yaro ƙarami ba ya iya ta. Yaro gudu yake yi, yana ihu, yana faɗuwa, yana riƙe da abinci a daidai bakin zakara.

Yanzu na zo inda nake ta kewayewa.

Tabon da ke ƙarƙashin idonka na hagu, wanda muka ce maka langa-langar makewayi ce ta yanke ka, ba langa-langa ba ce.

Ranar Lahadi ce, cikin damina. An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi, ƙasa tana ƙamshi. Innarka ta tafi cefane ta bar mini kai, shekararka biyu da ƴan watanni. Ina ƙarƙashin dogon yaro da takardu, ruwan ganye yana ɗiga a kansu ina sharewa. Kana yawo da masa a hannu kana magana da kududdufi. Na tuna ina kan wata jimla da ta ƙi daidaita, na karanta ta sau uku. Sai na ji fukafukai. Da na ɗaga kai kana kwance rigingine, Kumandan yana kanka. Na fizge shi na yar. Fuskarka duk jini, ban ga ido ba, ban ga komai ba. Na ɗauke ka na fita ba takalmi. A bakin titi na ci karo da Innarka da kwandonta.

A likita suka wanke, ido ya fito lafiya. Tsakaninsa da inda ƙaimi ya shiga bai kai faɗin ɗan yatsa ba. Matar da ke ɗinkin ta tambaya, "Me ya same shi?" Kafin Innarka ta buɗe baki na ce, "Langa-langa ce." Ban shirya ba, haka maganar ta fito. Duk layinmu sun san an gargaɗe ni, kuma ni ne mai karatu, mai gyara kuskuren mutane. Innarka ta dube ni. Da ka girma ka tambaya, na sake faɗin haka, ita kuma ta rufa mini asiri har yau.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Mun dawo gida, na kama Kumandan na ɗaure shi a bayan ɗaki. Ban yanka shi ba. Innarka ta jira kwana ɗaya. Kashegari ta goya ka, ta ɗauki ƙullin kayanta, ta tsaya a zaure ta ce, "Malam, in ka gama zaɓe tsakaninsu, ka san gidan gwaggona a Maurey."

Kwana tara na yi, Babana. Na ƙidaya su sau da yawa tun daga lokacin, ba su taɓa raguwa ba. Ina ce wa kaina zan datse masa ƙaimi, zan gina masa akurki mai rufi, zan aika da shi ƙauye. Ina dawowa daga aiki in tarar da gida shiru, in zauna kusa da shi. Shi kuma yakan karkata kai ya dube ni da ido ɗaya, kamar yadda yake yi tun yana cikin aljihu. Ba na ganin abin da ya hau kanka, ɗan tsakon nan nake gani. A rana ta tara Hamani ya shigo ba sallama, ya zauna a kan turmi, ya daɗe yana kallonmu. Sai ya ce, "Mai jarida, ni ban yi lakwal ba. Amma in na ɗinka wa yaro riga ta matse shi, rigar nake farkewa." Ya ajiye wuƙa a gabana ya fita.

Na yanka shi, na ba da naman sadaka, na wanke hannu na tafi Maurey. Kana ganina ka miƙo hannu in ɗauke ka, da filasta a fuska. Ban san yadda zan rubuta maka abin da na ji ba, kuma ba zan gwada ba.

Zakaran da ya tasar wa yaro, ba a jiran karo na biyu. Ba a ba da shi gidan da ke da yara, ba a kuma barin kaza ta kwanta a kan ƙwansa. Ba mugunta gare shi ba, abin da aka koya masa yake yi, kuma sau da yawa mai shi ne ya koya masa. Amma sanin haka ba ya gyara komai. Kuma duk yadda kake son sa, ka sani son nan ne zai riƙa kawo maka dalilan jinkiri, masu kyau, masu kama da hankali.

Ba zan bar ku da gida babu cara ba. Akwai zakaran nan wake-wake da kake kira mummuna, mai karkataccen yatsa da dusasshiyar murya. Shekararsa biyu, a bayan uwarsa ya tashi, hannuna bai taɓa zuwa kusa da bakinsa ba. Na daɗe ina lura da shi. Idan ya tono gara yakan kira kaji ya ja baya. Idan inuwar shirwa ta gitta, shi ke yin gargaɗi, shi ne kuma na ƙarshen shiga. Wata rana Fa'iza ta yi tuntuɓe ta faɗi kusan a kansa, ya yi tsalle gefe, ya dube ta, ya ci gaba da kiwonsa. Shi zan ba ku, da kaji huɗu da sagara biyu. Ka zo ran Asabar ɗin da kwando babba.

Ka yi musu akurki a inda inuwa ke daɗewa, da ragar waya da sandar kwana. Sababbin gidajen nan naku siminti ne ko'ina, a bazara yana ƙona ƙafa, saboda haka ka bar musu wani gefe na ƙasa, ka zuba yashi da toka su riƙa birgima, yana kashe musu ƙwari. Ruwa a kasko ya fi sanyi a kan na roba, a canja shi safe da la'asar. Kafin sanyi ya shigo ka kira likitan dabbobi ya yi musu rigakafi. Duk kazar da aka kawo muku kyauta, ta yi mako biyu ita kaɗai kafin ta shiga cikinsu. Kwanakin farko ka rufe su su san wurin kwanansu. Kuma maƙwabtanku na can ba irin na Bukoki ba ne, masu dogayen katangu ne, wasu ba su saba da cara a bayan taga ba. Ka rufe akurki ya yi duhu har a yi asuba, kuma ƙwan farko Ramatu ta aika musu. Mutumin da ya ci ƙwai yakan rage jin cara.

Ko da wake-waken, kada a bar Fa'iza ita kaɗai da shi. Kada ta shiga wurinsu da abinci a hannu, kada ta bi su da gudu. Ku koya mata ta watsa tsaba daga nesa ta zauna ta kalla. Akwai daɗi a kallon nan wanda ba a samu a taɓawa. Ina hango ta wata safiya a sabon tsakar gidanku, rana ba ta gama fitowa ba, tana zaune a kan ƴar kujera da ƙoƙo a cinya, shi yana ɗaukar ƙwaya yana ajiyewa, kaji suna tahowa ɗaya bayan ɗaya. Wataƙila wata rana, ta tsufa a wani gari da ni da kai ba mu sani ba, ta ji wannan ƙaramin kuka a cikin barcinta.

Saura magana ɗaya. Na so in bar maka zaɓi, in ce ka zo ka duba da idonka ka yanke shawara. Na kwana biyu ina juya abin. Sai na ga kai ɗana ne, kuma na san abin da za ka ce: za ka datse masa ƙaimi, za ka yi masa akurki mai rufi. Za ka faɗa da gaskiya har zuciyarka, ni kuma kunya za ta sa in ce to.

Yau bayan sallar asuba na yanka Jatau. Ban nemi izininka ba. Da na riƙe shi bai yi gardama ba, don ya saba da hannu. Innarka ta tsaya tana zuba mini ruwa, da na gama ta ce, "Wa zai faɗa masa?" Na ce ni. Ta ce, "Duka?" Na ce duka. Ta dafa shi, za ta kawo muku da la'asar a taksi, tare da wannan takarda. In ba za ka iya ci ba, ka ba maƙwabta, na san yadda abin yake.

Kana da haƙƙin yin fushi, kuma ba zan ce ka gaggauta hucewa ba. Zakaranka ne. Ina roƙon ka yafe mini shi. Ina kuma roƙon ka yafe mini wancan, wanda na bari har ya kai ga fuskarka, da kwana taran, da abin da na gaya maka duk shekarun nan. Idan Fa'iza ta yi wayo ta sa yatsa a kan tabon ta tambaye ka, ka faɗa mata gaskiya. Ka ce kakanta ne.

Allah ya tsare ku fita da shiga, ya tsare idon yarinyar nan da duk gaɓoɓinta, ya raya ta cikin imani. Allah ya sa albarka a gidanku da abin da za ku kiwata a cikinsa, ya haɗa ku da maƙwabta na gari, ya kawo ka lafiya ran Asabar. In ba ka shirya ganina ba, ka aiko Ramatu, kajin suna nan, ni ma ina nan.

Wassalam,
Mahaifinka